Tokar da Ta Ci Hannun Yara a Majemar Kawu

Sati uku bayan Babbar Sallah Kawu ya aiko a kira ni. A gidanmu in Kawu ya aiko ba a tambayar dalili, takalmi kawai ake nema. Na tarar da shi a majema, zaune kan wani turmi da aka kife, yara biyu na tsugune a gabansa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce da babban, "Nuna wa Malam hannunka."

Yaron ya buɗe hannu. A kan gaɓoɓin yatsu da gindin farce akwai ramuka ƙanana guda huɗu, zagayayyu, kamar an huda da ƙusa mai zafi. Bakin kowanne ya yi tauri ya ɗan tashi, tsakiyar ta zurma ciki. Na tambaye shi ko da zafi, ya ce ba sosai ba, shi ya sa ma bai faɗa wa kowa ba sai da Kawu ya gani wajen cin tuwo. Ƙaramin kuwa nasa bai kai rami ba, amma bayan hannun ya yi ja, ya tsattsage, yana ta susa.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Marwa ta ƙasar Kamaru, ban karanta likitanci ba. Sai dai a dangin majema, wanda ya yi boko shi ne likita, shi ne lauya, shi ne mai karanta takardar haraji. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda muka bi wannan lamari daga farko har inda ya tsaya, saboda na san ba majemar Kawu kaɗai ke sayen toka a hannun wanda ba ta sani ba.

Wanda bai san jima ba, ga yadda take a taƙaice. Fatar akuya ko ta tunkiya in ta zo sai a jiƙa ta, a tsoma cikin ruwan toka da kanwa ta kwana biyu ko uku har gashin ya saki, a ɗora kan itace a kankare da kartaji, a wanke, a sa a ruwan kashin kaji don ta yi laushi, daga nan ta shiga kwatarniyar bagaruwa inda ainihin jimar take. Mai son ja ya rina da karan dafi. Haka Kawu ya gada, haka kakanmu ya yi tun kafin a kafa masa rumfa a wannan gari. Ruwan toka yana cin hannu, kowa ya sani, amma cin da aka saba shi ne fata ta yi santsi ta ɗan sale, a shafa man gyaɗa a kwana lafiya. Rami irin wannan, Kawu ya ce a shekarunsa na jima bai taɓa ganinsa ba.

Kafin in zo an riga an yi bayanai iri uku. Wasu sun ce bagaruwar bana ce ta zo da tsutsa. Wasu sun ce rijiyar ce ta gurɓace tun da kogin Mayo Kaliyawo ya cika ya shigo gefen unguwa. Inna kuma ta ce hannu aka sa wa Kawu saboda ya fi kowa samun fatun layya. Ban musa wa kowa ba. Na tambaya dai: su wa da wa abin ya kama? Yara bakwai ne a wurin. Biyun da ke gabana su ne masu ramin toka. Masu kwatarniyar bagaruwa, waɗanda hannunsu ke cikin ruwa tun safe har la'asar, ko ƙurji babu. Kuma rijiya ɗaya duk suke ja. Wannan ya fitar da bagaruwa da rijiya daga zargi tun ban taɓa komai ba.

Sai na je bakin ramin. Ruwan da ya kwanta a saman tokar rawaya ne, rawaya mai haske irin na ruwan kurkur. Tokar da ke cikin buhu kuma tana da wani shuɗi-shuɗi mai kama da tsanwa. Na ce, "Kawu, daga ina wannan?" Ya ce da fatun layya suka yi yawa, tokar masu burodi da masu ƙosai da ya saba saya ta kasa, ga damina, sai wani mai turin amalanke ya riƙa kawo masa buhu-buhu a rabin kuɗi. Har daɗi ya ji da ya ga ruwan ya yi launi, ya ɗauka toka ce mai ƙarfi. Da aka nemo mai amalanken bai ɓoye komai ba, don bai san da abin ɓoyewa ba. A bayan rumfunan masu ɗinkin takalmi yake kwasowa, inda ake tara guntayen fatar kanti da yankakkun jakunkuna da takalman gwanjo a cinna musu wuta duk ƙarshen mako.

Washegari muka kai yaran asibiti. Likitan ya duba, ya wanke, ya ɗaure, ya ce kada hannun ya sake shiga wannan ruwa. Ya kuma faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai: irin wannan gyambo sananne ne a littattafansu, a wajen masu jima da wani sinadari mai suna kurom da masu shafa wa ƙarfe shi ake ganinsa, har likitocin Faransa suka laƙaba masa sunan ɗan tantabara saboda kamarsa da idon tsuntsun. Kawu ya ce shi bai taɓa sayen kurom ba, bai ma san kalarsa ba. Gaskiya ya faɗa. Amma fatar kanti kusan duka da kurom ake jeme ta. Tun 1884 da wani mai suna Augustus Schultz ya yi wa hanyar rajista a Amurka ta yi ta mamaye sana'ar, yau mafi yawan fatar duniya ta wannan hanya take fitowa, kuma wajen kashi 3 cikin 100 na nauyinta kurom ne. In aka ƙone ta, fatar ta tafi hayaƙi, kurom ɗin ya zauna a toka.

Ranar bindiga

Akwai wani ƙanin abokina da ke aiki da masu binciken ma'adinai a wajen Garwa. Suna da wata na'ura ta hannu da suke kira bindiga, don kamarta ke nan: marfi, kunama, da ɗan allo a baya. Ana ɗora bakinta kan dutse, a danna, cikin rabin minti ta jero sunayen ƙarafan da ke ciki. Ya zo gida hutun kwana biyu da ita a jaka, na roƙe shi ya biyo ta majema.

Hasken da take fitarwa shi ne eksire, wanda a nan muke cewa "an ɗauki radiyo" in an kai mai karaya asibiti. Saboda haka ya kori yara baya, ya ce kada kowa ya riƙe abin gwaji a tafin hannu. Muka zuba tokar mai amalanke a leda muka ajiye a ƙasa. Ya danna. Kurom ya fito a sahun gaba, da yawa. Muka gwada ragowar tokar gidan burodi, kusan babu. Na ji kamar an gama shari'a.

Kawu ne ya ɓata mini lissafi. Ya ce, "To ɗana, gwada takalminka." Aka gwada, kurom fal. Ya aika aka ɗauko cokalin da yake shan kunu da shi, irin farin nan da ba ya tsatsa. Bindiga ta ce kurom ɗin da ke cikinsa ya kusa kashi ɗaya cikin biyar, ya ninka na takalmin nesa ba kusa ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ashe da guba nake shan kunu shekara da shekaru, ga ni kuwa garau. Ko dai bindigar taku ce ke ƙarya, ko kai ne ba ka san karatunta ba."

Yaran suka yi dariya, ni ma na yi, amma ya kama ni. A aji ina koyar da cewa kurom iri-iri ne. Akwai na cikin cokali, wanda ke zaune a matsayin ƙarfe. Akwai mai uku, wanda ya ba da ilaktoron uku, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin ƙwayar zarra, shi ne na jima, kore-kore ne, ba ya narkewa da sauƙi, kuma da ƙyar yake ratsa fatar mutum. Akwai mai shida, rawaya ko ruwan lemo, mai narkewa a ruwa kamar gishiri, mai shiga ta kowace tsaga ya ci nama, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta sa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar. Bindiga ta kira su duka da suna ɗaya. Sunan ta sani, halin ne ba ta sani ba, mu kuwa halin muke nema.

Me ya sa ba ta iya bambancewa

A daren na kira wata 'yar ajinmu ta jami'ar Ngawundere da ke digiri na uku a Girenobul ta ƙasar Faransa. Na san aikinta ya shafi hasken eksire, amma ban taɓa zama na saurare ta ba. Ta ce, "Malam, yau kuma ka tuna da mu?" Na ba ta labari. Muka yi fiye da awa ɗaya, kuma abin da ke ƙasa haɗin bayaninta ne da abin da na koma na karanta.

A ɗauki ƙwayar zarra kamar gida mai uwar ɗaka, da tsakar gida, da soro, da zaure. Kurom yana da ilaktoron 24, biyu a uwar ɗaka, sauran a rarrabe har zaure. Idan eksire mai isasshen ƙarfi ya daki ƙwayar, yana iya fizge ɗaya daga na uwar ɗaka ya jefar waje. Gurbin ba ya daɗewa: cikin kusan kashi ɗaya na miliyan sau biliyan na daƙiƙa wani daga waje ya faɗa ciki ya cike. Da yake ya sauko daga sama zuwa ƙasa, rarar ƙarfinsa sai ta fita, wani lokaci a matsayin sabon hasken eksire. Wannan haske na biyu shi nake kira amsa-kuwwar haske. Ka yi kira da haske, ƙwayar ta amsa da nata. A kurom, wajen sau ɗaya cikin huɗu ne amsar ke fitowa da haske, sauran lokutan wani ilaktoron ne ke kwashe ƙarfin ya fice da shi.

Kowane sinadari da muryarsa. Charles Barkla ne ya fara lura da haka a Ingila, har ya samu kyautar Nobel ta 1917, sannan Henry Moseley ya nuna a 1913 cewa muryar tana hawa daki-daki daidai da lambar sinadarin, shekara biyu kafin a kashe shi a yaƙin duniya na farko yana da shekara 27. Ana auna muryar da ma'aunin da ake kira ilaktoron-bolt. Kurom yana amsawa a wajen 5,415 idan mai cike gurbin ya fito daga tsakar gida, da wajen 5,947 idan daga soro ya fito. Baƙin ƙarfe yana amsawa a wajen 6,400. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce, shi ya sa bindiga ba ta rikita kurom da ƙarfe.

Matsalar ita ce bambancin mai uku da mai shida a zaure yake, wajen ilaktoron ɗin da ke hulɗa da maƙwabta. Abin da ya faru a zaure yana taɓa muryar cikin gida, amma kaɗan ƙwarai, ilaktoron-bolt ɗaya ko biyu. Kunnen bindiga kuwa duk abin da bai kai tazarar 130 ko fiye ba, a dunƙule yake jin sa. Ta ce da ni, "Kamar ka ba mai awo da mudu ne ka ce ya faɗa maka ko an cire ƙwayar gero ɗaya." Laifin ba na bindiga ba ne, ba don wannan aiki aka ƙera ta ba.

Inda take aiki akwai na'urar da ake kira sinkurotoron. Zobe ne na bututu da aka zuƙe wa iska, kewayensa mita 844, ilaktoron na gudu a ciki da saurin da ya yi kusa da na haske, suna zagaye shi fiye da sau 350,000 a daƙiƙa ɗaya. Duk inda maganaɗisu ya lanƙwasa musu hanya sai su fesar da haske, kamar yadda ruwa ke fallatsa daga tayar moto a kwana. An fara ganin irin wannan haske da ido a 1947 a wani ɗakin gwaji na kamfanin General Electric a Amurka, kuma da farko masana sun ɗauke shi asarar ƙarfi ce kawai. Ta Girenobul ta fara karɓar masu bincike a 1994, aka sake mata sabon zobe a 2020. Hasken yana fita ta ƙofofi da dama zuwa ɗakuna masu bangon dalma, kowane ɗaki da irin aikinsa.

Abu biyu wannan haske ke da shi da bindiga ba ta da su. Na farko yawa: yana da ƙarfin da ko an tace shi an zubar da kusan duka, abin da ya rage ya isa aiki. Na biyu zaɓi: ana bi da shi ta kan lu'ulu'un silikon a ware murya ɗaya tak, a kuma riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan yadda aka ga dama. To da waɗannan biyu ake kama halin kurom, ta hanya biyu.

Hanya ta farko, a riƙa ɗaga ƙarfin hasken a hankali ana ƙirga amsa-kuwwar. Kurom ba ya fara amsawa sosai sai an kai wajen 5,989. Mai shida yana zaune ne tsakiyar ƙwayoyin iskar oksijin huɗu, kuma wannan zama yana buɗe wata ƙofa da mai uku ba shi da ita: a wajen 5,993 sai a ga wani tsini siriri dogo ya miƙe a kan allo kafin babban hawan. Mai uku, da ke zaune tsakiyar ƙwayoyin oksijin shida, ɗan tudu kawai yake nunawa a wurin. Tsawon tsinin yana faɗin kashi nawa na kurom ɗin ne mai shida, ba tare da an narkar da samfurin ko an zuba masa komai ba.

Hanya ta biyu ita ce tata, kuma ita ta fi burge ni. A tsayar da hasken a wuri ɗaya, a ɗauki amsa-kuwwar kanta a bi da ita ta kan wasu lu'ulu'u masu lanƙwasa da ke rarrabe ta har zuwa kusan ilaktoron-bolt ɗaya. Layin nan na 5,947, wanda bindiga ke gani dunƙule guda, sai ya bayyana da siffarsa. Mai cike gurbin daga soro ya taso, kusa da inda mai uku ya rage da ilaktoron uku marasa abokan zama, saboda haka yana jin su, layin ya fito da wata kafaɗa a gefensa na ƙasa. Mai shida ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, kafaɗar ta ɓace. Ita ba kurom take karanta ba. Dunƙulen ƙwayoyi take bincike masu ƙarfe a tsakiya, irin waɗanda in an haska musu leza sai ilaktoron ɗinsu su sake zama na ɗan lokaci kafin su koma. Hasken sinkurotoron ba a miƙe yake zuwa ba, ƙyaftawa yake yi, kowace ƙyaftawa wajen kashi ɗaya cikin biliyan goma na daƙiƙa. Sai a tayar da dunƙulen da leza, a bi shi da ƙyaftawar eksire a tazarar da aka zaɓa, a karanta kafaɗar layin. A canza tazarar, a sake. Da haka ake ganin yadda abu ya tashi da yadda ya kwanta, mataki-mataki. Na ce mata ni da nake fama da alli da allo, wannan ai tatsuniya ce. Ta ce tatsuniyar da ake kwana uku ba barci a kanta.

Ba shakka na tambaye ta abin da kowa zai tambaya: in aiko da toka a ambulan? Ta yi dariya. Lokacin haske ba a saye shi a ƙofa. Sau biyu a shekara ake karɓar takardun neman izini, kwamitin masana ya tace, wanda ya dace a ba shi wasu awanni bayan watanni. Kamaru ba ta cikin ƙasashen da ke ɗaukar nauyin wurin. Daga nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta shiga, a 2013. Duk faɗin Afirka babu sinkurotoron ko ɗaya. Mafi kusa da za mu ce namu shi ne SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, wanda Masar ke cikin membobinsa. Taron farko na neman a gina wa Afirka nata, a 2015, a Girenobul ɗin aka yi shi, abin dariya abin takaici. Ko daɗaɗɗen ƙoƙon kan nan mai kama da na mutum, wanda aka sa wa suna Tumai, da aka tono a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, can aka kai shi aka leƙa cikinsa da wannan haske.

Ta ƙara da wani abu da ban zata ba. Hasken da kansa yana iya canza abin da ake aunawa: in samfurin na da ragowar nama ko tsiro, zafin hasken kan mayar da mai shida ya koma mai uku tun ana cikin awo, shi ya sa suke sanyaya samfuri su riƙa matsar da shi. Sannan ta ce, "Malam, tambayarka ba ta kai nan ba. Kai so kake ka san ko akwai mai shida a ruwan da yara ke sa hannu. Ba ka da difenilkarbazid a makarantarku?"

Kunya ta kama ni, don gwajin yana cikin littafin da na yi jarrabawa da shi.

Kofi huɗu a kan benci

A makarantarmu babu, sai da wani abokin aiki ya samo mini 'yar kwalba daga Ngawundere bayan kwana tara. Farin gari ne, ana narkar da shi a asiton. Na jiƙa abu huɗu a ruwa mai tsabta, kowanne da kofinsa: tokar mai amalanke, tokar gidan burodi, yankin tsohon takalmina, da yankin fatar Kawu da ta riga ta fito daga bagaruwa bayan ta bi ta ramin tokar nan. Na tace, na ɗiga asid a hankali. Na toka suka yi ta kumfa kafin su lafa. Sannan na ɗiga maganin a gaban Kawu da yaran, a kan bencin da suke cin abinci.

Kofin tokar mai amalanke ya juye nan take ya zama shunayya mai ja, kamar an zuba zoɓo. Na gidan burodi bai motsa ba. Na takalmi bai nuna abin da ido zai kama ba. Na fatar Kawu ma haka. Kawu ya daɗe yana kallon kofin farko, sannan ya ce a kira masa mai amalanke, ba don faɗa ba, don a gaya masa.

Yadda na fahimci abin shi ne: kurom ɗin da ke cikin guntayen fata mai uku ne, lafiyayye gwargwado. Wuta ce ta ɓata shi. In aka ƙone shi a fili, iska na shiga, ga toka mai kaifi a kewaye, wani kaso nasa yana hawa ya zama mai shida. Da aka zuba tokar a rami aka ƙara kanwa, sai aka ba shi irin ruwan da ya fi so, don a ruwa mai kaifi yake zama daram ba ya komawa. Yaran kuma hannunsu ya riga ya sale da ruwan toka, ƙofa a buɗe. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne kofi na huɗu. Sinadarin da ke sa bagaruwa ɗaci yana mayar da mai shida ya koma mai uku; ko a manyan masana'antun fata ana ƙara irinsa daga itatuwa don wannan dalili. Bagaruwar da aka fara zargi ita ce ta tsare hannun sauran yara biyar, ta kuma tsare fatun da Kawu ya riga ya sayar wa dukawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar wa masu kai kaya waje, don tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan fata masu taɓa jiki in mai shida ya kai miligiram 3 a kilo.

Rijiyar ma na gwada, ba ta yi launi ba, amma na gaya wa Kawu ido ba ya isa shaida a ruwan sha. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 0.05 na kurom a lita, kuma a irin wannan ƙanƙanta na'urar auna launi ake bukata. Muka aika da kwalba ɗakin gwaji, sakamako ya dawo ƙasa da iyakar. Sa'ar da aka yi, ramin yana gangaren rijiyar ne, ba samanta ba.

Ruwan ramin ba mu kwarara shi a kwata ba, don mayo zai tafi. Na sayo sulfat na ƙarfe, koren gishirin nan, muka narkar muka zuba tare da tsohon ruwan bagaruwa, ana juyawa da dogon itace. Rawayan ya mutu, ruwan ya yi baƙi ƙirin kamar tawada, laka ta kwanta. Na ɗebo na sama na tace na sake gwadawa har sai da shunayyar ta daina fitowa, kwana biyu ke nan. Lakar da buhu shida da suka rage muka yi musu haka, muka bar su suka bushe, aka binne cikin tsohuwar randa nesa da rijiya. A ganina wannan ba zubarwa ce ta ƙa'ida ba, dabarar wanda ba shi da inda zai kai ce. Kawu ya yi asarar kuɗin toka da aikin sati guda a lokacin da fata ta fi yawa, wasu fatun ma sun ruɓe kafin a samo toka mai kyau. Na sayo safar hannu ta roba guda huɗu. Sati biyu aka sa su, yanzu ɗaya ce ta rage, ana ɗiban ruwa da ita.

Masu ɗinkin takalmi na je na same su da kofin a hannu. Babbansu ya saurare ni da mutunci, ya ce in ba su ƙone ba ina za su kai, motar shara ba ta shigowa lungun. Ban da amsa. Sun dai yarda mai amalanke ya daina kwasa, amma wutar tana nan duk ƙarshen mako, kuma hayaƙin kan rumfar masu shayi yake bi.

Ramukan babban yaron sun ɗauki kusan wata biyu kafin su cike, sun bar tabo farare masu zurfi. Ya koma aiki, Kawu ya mayar da shi wajen bagaruwa. Ƙaramin ne abin ya fi taɓawa, ko da yake nasa bai yi rami ba. Jikinsa ya riga ya ɗauki kurom a matsayin abokin gaba, kuma likita ya ce irin wannan ba ya barin mutum. Uwarsa ta cire shi daga majema ta kai shi wajen wani magini ya koyi aiki. Kwana goma da fara kwaɓa siminti hannun ya sake tashi, ya fi na da. Siminti ma yana ɗauke da ɗan kurom mai shida daga wutar da ake gasa shi, shi ya sa a Turai tun 2005 aka iyakance shi, ake kuma zuba masa irin koren gishirin da muka zuba a ramin Kawu. Jiya uwar ta zo gidanmu da shi bayan magariba, hannun a naɗe da tsumma, tana tambaya ko akwai wata sana'a da na sani wadda babu wannan abu a cikinta.